Muhawara: Jagoran rukunin nazari, ya koyar ne ko ya yi tambaya?

Sabon jagora, Bukoki (Yamai):

Salama gare ku iyayena da ƴan'uwana cikin Almasihu. Wata uku ke nan da dattawan ikilisiyarmu suka ɗora mini jagorancin wani ƙaramin rukuni na nazarin Littafi Mai Tsarki da addu'a, wanda yake haɗuwa kowace Laraba da dare a tsakar gidan wata gwauruwa a unguwarmu. Mu goma sha ɗaya ne idan kowa ya zo, akwai tela, akwai ɗan kabu-kabu, akwai mata biyar, akwai kuma wani dattijo da ya girmi mahaifina. Bisharar Markus muke bi. Nakan yi dare biyu ina shiri, in cika shafi uku da bayani, in zo in karanta nassi in bayyana shi iyakar ƙoƙarina. Idan na gama na ce ko akwai mai tambaya, sai wurin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Larabar da ta wuce na duba agogo na ga na yi minti hamsin ina magana ni kaɗai, ɗan kabu-kabun kuwa ya jingina da bango ya yi barci har hularsa ta faɗi. Da aka zo addu'a, dattijon ya ɗauki kusan minti ashirin, sauran ba wanda ya buɗe baki sai a wajen cewa Amin. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan hidima, domin na fara jin kamar sujadar Lahadi ce nake maimaitawa a gida, illa dai babu mawaƙa.

Malamar makaranta, Tawa:

Ɗan'uwa, sannu da hidima. Kada barcin ɗan kabu-kabu ya karya maka zuciya, domin ko manzo Bulus da ya tsawaita magana har tsakar dare a Taruwasa, sai da wani saurayi ya yi gyangyaɗi ya faɗo daga tagar bene, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 20. Naka hula ce kawai ta faɗi.

Amma ka riga ka gano ciwon da kanka. Shafi ukun nan su ne suke rufe bakin mutanenka. Wanda ya ga ka zo da amsa a rubuce ya san ba a buƙatar tasa, kuma tambayar nan ta "ko akwai mai tambaya" tana nufin an tashi, ko a aji haka yara suke fahimtarta. Shekara bakwai nake jagorancin rukunin mata a nan Tawa, kuma fiye da rabinsu ba su shiga makaranta ba. Abin da muke yi shi ne, ana karanta guntun nassi, aya shida zuwa goma, har sau biyu, da muryoyi biyu dabam. Sai a rufe littafin, in roƙi mutum ɗaya ta ba da labarin da bakinta kamar yadda za ta ba wa maƙwabciyarta a bakin famfo, sauran kuma su cika abin da ta tsallake. Bayan haka ne nake tambaya, kuma tambayoyin farko duk amsarsu tana cikin nassin: su wane ne a wurin, wa ya yi magana, me ya ce, me ya biyo baya. Sai an ƙoshi da wannan nake matsawa zuwa ga abin da labarin yake nuna mana game da Yesu, daga ƙarshe kuma abin da za mu yi da shi kafin mako ya zagayo.

Bari in ba ka misali tunda Markus kuke bi. Ranar da muka karanta sura 4 daga aya 35, labarin hadari a teku, na yi shiri sosai a kan bangaskiya da tsoro. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, wadda ba ta iya karanta ko sunanta ba, ta ce ita abin da ya tsaya mata shi ne an ce akwai waɗansu jirage tare da su. Ta ce ashe mutanen cikin waɗannan jirage su ma sun tsira daga hadarin, alhali ba su san wanda ya tsawata wa iska ba. Na koma aya 36 na ga lalle haka yake a rubuce, ni kuwa na karanta wurin ba iyaka ban taɓa lura ba. Daga nan mata suka shiga maganar mazajensu da suka tafi cin rani Abijan da Libiya, da yadda addu'ar wanda yake gida take kaiwa ga jirgin da ba ya gani. Da na yi wa'azina a ranar, da wannan magana ta koma gida a cikin tsohuwar.

Dattijon ikilisiya, Yantala (Yamai):

Ƴata malama, na karanta bayaninki da kyau, kuma ban ƙi shi duka ba, amma ina da tsoro guda wanda ya kamata a faɗa wa wannan yaro tun da wuri. Maganar Allah ba hirar fada ba ce da kowa zai kawo ra'ayinsa a sha shayi a watse. Da Filibus ya tarar da mutumin Habasha yana karanta littafin annabi Ishaya a cikin karusarsa, mutumin da kansa ya amsa cewa ba zai iya fahimta ba sai wani ya bi da shi. A zamanin Nehemiya kuma, sura 8, Lawiyawa ne suka karanta Shari'a suka bayyana ma'anarta, jama'a kuwa suka yi murna domin sun gane. An aiko jagora ne ya koyar. Na taɓa zama a wani rukuni inda aka tambayi kowa abin da aya take nufi a gare shi, wani ya kawo mafarkin da ya yi, wata ta kawo abin da ta ji daga wani mai wa'azi a waya, jagoran yana ta cewa madalla, aka tashi da koyarwa huɗu masu karo da juna. Mu a ƙasar nan ba mu da yawa, kuma maƙwabtanmu suna yi mana tambayoyi masu nauyi a kan bangaskiyarmu. Idan ɗan rukuni bai samu koyarwa tsayayya ba, da me zai amsa?

Malamar makaranta, Tawa:

Baba, na gode da wannan gargaɗi, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Sai dai ina roƙon Baba ya sake duba labarin Filibus. Da tambaya ya fara, ya ce wa mutumin ko yana fahimtar abin da yake karantawa, kuma bai buɗe baki ya yi bayani ba sai da mutumin ya nuna daidai inda ya maƙale, wato ko annabin yana maganar kansa ne ko ta wani. Rukunin da Baba ya kwatanta ya lalace ne domin an yi tambayar da ba ta dace ba. Ni ba na tambayar abin da aya take nufi a gare ki, ina tambayar abin da aya ta ce. Idan wata ta kawo abin da ba ya wurin, nakan ce mata ta nuna mana ayar da ta samo shi, sau da yawa kuma sauran matan ne suke gyara ta kafin in yi magana. Mutanen Biriya ma an yabe su ne domin suna bincika Nassosi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake.

Mai bishara, yankin Galmi:

Ina gaishe da Baba da malama. A ganina ku biyun kuna riƙe da igiya ɗaya ne ta bakinta biyu. Jagoran da yake tambaya sai ya fi mai wa'azi shiri, domin mai wa'azi ya san inda zai bi, shi kuwa mai tambaya bai san ta inda za a ɓullo masa ba. Saboda haka ɗan'uwa na Bukoki kada ya daina cika shafi ukunsa, amma ya bar su a aljihu. Ya fito da tambayoyi huɗu ko biyar kawai, ya kuma keɓe minti biyar na ƙarshe ya tattara abin da aka gano, ya miƙe abin da ya karkace, ya faɗi koyarwar nassin a fili ba tare da kwana-kwana ba. A nan ne abin da Baba yake nema zai samu wurinsa.

Game da gyaran kuskure, akwai wanda ake gyarawa nan take, akwai wanda ake bin mutum gida. Idan wani ya ce Yesu bai tashi daga matattu da jiki ba, wannan ba ya kwana. Idan kuwa dattijo ya rikita Iliya da Elisha, ko ya ɗora wa aya nauyin da ba ta ɗauka ba, kunyata shi gaban ƴaƴan cikinsa ba zai ƙara wa kowa ilimi ba. Bilkisu da Akila da suka ji Afolos yana koyarwa da saura, jan shi suka yi gefe suka ƙara bayyana masa, wannan yana a Ayyukan Manzanni 18:26.

Akwai kuma wani abu da ban ji an taɓo ba, wato shirun da yake damun ɗan'uwanmu. Mutanenmu ba sa amsa tambaya da gaggawa, musamman a gaban babba. Idan ka yi tambaya ka ƙirga ashirin a zuciyarka kafin ka ƙara magana. Na san ƙirgen nan yana da tsawo kamar tafiya daga Galmi zuwa Madawa da ƙafa, amma idan ka amsa tambayarka da kanka sau biyu, sun koyi cewa jira kawai za su yi.

Uwar zumuntar mata, Talaje (Yamai):

Ɗana na Bukoki, kafin a ci gaba ina so in san abu ɗaya. Matan nan biyar da dattijon nan, akwai surukuta a tsakaninsu? Kuma yaya kuke zama?

Sabon jagora, Bukoki (Yamai):

Mama, akwai. Biyu daga cikin matan, matan ƴaƴan dattijon ne. Shi yana zama a kujerar roba kusa da ni, maza a benci, mata kuma a tabarma can wajen madafa. Ni nakan tsaya ne saboda kwan lantarkin yana saman ƙofa.

Uwar zumuntar mata, Talaje (Yamai):

To, ai ka ga inda ɗakin yake yoyo. Ko mala'ika ne ya yi tambaya, macen da aka yi wa tarbiyya ba za ta ɗaga murya ta bayyana ra'ayinta a gaban surukinta ba, balle ta faɗi abin da yake damunta a gidan aure. Wannan ba taurin zuciya ba ne, kunya ce, kuma ba za ka kawar da ita da ayar nan ta Galatiyawa da ta ce babu bambancin namiji da mace cikin Almasihu ba. Abin da za ka yi shi ne ka zauna ƙasa tukuna, domin wanda yake tsaye fasto ne a idon jama'a ko da bai sa kwat ba. Ka sayi fitila mai caji ka ajiye a tsakiya, dama a watannin zafi wuta ba ta da tabbas. Bayan an karanta nassi tare, ka raba su na minti goma sha biyar, mata su tattauna tambayoyin a gefensu, maza a nasu, sa'an nan babbar cikin matan ta kawo abin da suka gano. Idan ta ce "mun ga cewa", ba wanda ya san bakin da maganar ta fito, surukar ta yi magana ke nan ba ta karya al'ada ba.

Shi kuma dattijon, ka je gidansa da rana ka gaishe shi, ka ce kana neman taimakonsa. Ka roƙe shi ya zama shi ne mai magana ta ƙarshe da mai sa albarka, domin idan ya fara magana yara ba za su iya ƙarawa a kan tasa ba. Ka ba shi girmansa, kuma gaskiya ce ka faɗa masa.

Yanzu bari in zo kan addu'a, domin a nan ne na ƙone hannuna. Shekarun baya wata ƙanwa a rukuninmu ta roƙi a yi mata addu'a a kan mijinta da ya fara shaye-shaye. Ni ce jagora, kuma ban taɓa kafa dokar riƙon asiri ba, na ɗauka kowa ya sani. Wata daga cikinmu, da kyakkyawar niyya a ganinta, ta kai roƙon wani taron addu'a har da suna. Kafin Lahadi biyu magana ta koma kunnen mijin, ya hana matar zuwa, shi ma ya daina taka majami'a. Sai da muka yi fiye da shekara muna zarya kafin ta dawo, kuma har yau idan aka ce a kawo roƙo takan ce lafiya lau. Yakubu 5:16 ta ce mu bayyana wa juna zunubanmu mu yi wa juna addu'a, amma Karin Magana 11:13 ta ce mai tsegumi yakan tona asiri, amintacce kuwa yakan rufe. Ba a ɗaukar ta farko a bar ta biyu. Tun daga lokacin, kowane zama sai na maimaita cewa abin da aka faɗa a tabarmar nan a nan zai tsaya, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma ba na yarda a kawo roƙo a kan laifin wanda ba ya wurin. Mai son a yi wa maƙwabcinta addu'a ta ce maƙwabcina yana cikin wahala, Allah ya san sauran.

Ɗalibi, Harobanda (Yamai):

Ina gaishe da iyaye. Namu rukunin na ɗaliban jami'a ne, kuma matsalarmu kishiyar ta Bukoki ce, domin kowa yana son magana, har a bar nassi a shiga gardamar ilimin tauhidi. Amma abin da nake so in tambaya shi ne harshe. A zama ɗaya za ka ga mai fassarar Louis Segond ta Faransanci, da mai Littafi Mai Tsarki na Hausa, da mai na Zabarmanci, da mai karantawa a waya. Wani lokaci rabin sa'a yana tafiya a kan bambancin kalma ɗaya. Shin ya kamata a tilasta fassara guda?

Mai bishara, yankin Galmi:

Ɗan'uwa ɗalibi, a zaɓi fassara ɗaya da za a karanta da ƙarfi, wadda mafi ƙarancin karatu a cikinku yake ji, sauran kuma su zama masu taimako idan an maƙale. Bambancin kalma ba abin tsoro ba ne. Ko a Hausa kaɗai, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fara fitowa a 1932, daga baya aka sabunta fassarar, kuma yawancin Hausarsa ta wajen Najeriya ce, don haka a ƙauyukan Adar nakan tsaya in mayar da wata kalma zuwa yadda ake faɗinta a nan kafin a ci gaba. Amma addu'a kam kowa ya yi da harshen da yake kuka da shi. Na ga mutane da yawa da suke ƙin addu'a a fili domin suna tsammani sai da Faransanci mai kyau ko da Hausar mimbari ake yinta.

Dattijon ikilisiya, Yantala (Yamai):

Na ji an ambaci dattijo mai doguwar addu'a, kuma na san da ni ake, ko da ba a san ni ba. Ba zan musa ba, Ubangiji da kansa ya hana yawan maimaita magana a Matiyu sura 6, addu'ar da ya koya wa almajiransa kuwa ba ta kai minti ɗaya ba. Amma ku fahimci inda muka fito. Iyayenmu sun karɓi bishara a lokacin da masu bi ƙalilan ne ƙwarai. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun fara aiki a Damagaram a 1924, asibitin Galmi ya buɗe a 1950, kuma a garuruwa da yawa mutum ɗaya ne ya iya karatu, shi ne mai karantawa, shi ne mai bayani, shi ne mai addu'a. Haka muka gani muka gada. Abin da ya sauya mini tunani shi ne watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da nan Yamai. Makonnin da suka biyo baya a gidaje muka yi ta haɗuwa, fasto ba ya iya zuwa ko'ina, kuma na ga gidajen da mutum ɗaya ne kawai ya saba buɗe baki sun rasa yadda za su yi idan ba ya nan. Don haka na yarda a koya wa kowa ya yi addu'a ya kuma buɗe Littafi da kansa. Inda ban sauka ba shi ne, dole jagoran rukuni ya kasance a ƙarƙashin dattawa, ya riƙa kawo musu tambayoyin da suka fi ƙarfinsa, kada ya ji kunyar cewa zai tambayo ya dawo da amsa mako mai zuwa. Na ga rukunin gida da ya girma ya zama ikilisiyar mutum ɗaya, ba kuwa da daɗi aka rabu ba.

Malamar makaranta, Tawa:

Baba, a kan wannan ba ni da ja. Ga ɗan'uwa na Bukoki kuma, hanyar da ta buɗe bakin matanmu a addu'a ita ce jimla ɗaya. Nakan ce kowa ta gode wa Allah a kan abu guda da muka gani a nassin yau, jimla ɗaya tak, wadda ba ta shirya ba ta ce Amin a wuce ta. Ba na kiran suna ba zato, domin wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya dawowa. Roƙe-roƙe kuma muna raba su, kowa ta ɗauki na wadda take damanta ta riƙe shi har mako, in an dawo a fara da tambayar yadda Allah ya yi.

Sabon jagora, Bukoki (Yamai):

Iyayena da ƴan'uwana, na dawo da labari bayan Laraba biyu. Na je gidan Baba dattijo kamar yadda Mama ta ce, ya yi dariya ya ce dama ƙafafunsa sun gaji da doguwar tsayuwa, ya karɓi sa albarka ta ƙarshe. Na zauna a tabarma, muka karanta labarin makaho Bartimawas a ƙarshen Markus sura 10, tela ya maimaita shi da ka. Da na tambayi abin da jama'a suka yi wa makahon, na ƙirga har goma sha bakwai kafin ɗan kabu-kabu ya ce da farko sun kwaɓe shi ya yi shiru, amma da Yesu ya kira shi su ɗin ne suka koma suna ƙarfafa shi. Daga gefen mata aka kawo cewa ya yar da mayafinsa, alhali mai bara ba shi da abin da ya fi mayafi. Ban buɗe takarduna ba sai a minti biyar na ƙarshe. A addu'a mutum bakwai suka yi jimlarsu, surukan biyu ba su yi ba tukuna.

Sai dai wata sabuwar matsala ta taso. Telan ya ji daɗin magana har ya amsa tambaya uku a jere, ya kuma kawo labarin wani mai bara na Babbar Kasuwa da ya ci mana minti goma, muka tashi bayan ƙarfe tara da rabi, mai gidan kuwa tana fita aiki da asuba. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma shi ne ya fara buɗe baki lokacin da kowa ya yi shiru. Mama, Malama, yaya ake tsayar da irinsa ba tare da ya koma kallon tabarma ba?